Zobe Ya Sulluɓe, Sarƙa Ta Tsinke: Amsoshin Tambayoyinku Kan Na'urar Gano Ƙarfe

Tun da aka shiga kakar bukukuwa, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata wuri ɗaya: kayan ado sun ɓata, an ji labarin na'urar da ke gano ƙarfe a ƙasa, ana son a san ko za ta yi. Mun zaɓi wasu daga ciki, muka zauna a kansu da masu aiki da irin wannan na'ura, da masu gyaranta, da kuma wani maƙerin gwal.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ranar kamun ƙanwata zobena na gwal ya sulluɓe a tsakar gida, inda aka zuba yashi aka kafa rumfa. Mun yi shara, mun duba ko'ina, shiru. Yau kwana tara ke nan. Maƙwabcinmu ya ce zai aro mana na'urar gano ƙarfe, amma shi ma bai taɓa aiki da ita ba. Za ta iya? Ta ina za mu fara?
Daga wata uwargida, Ɗorayi, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya bayyana shi. In dai zoben yana cikin yashin nan, to a duk kayan ado babu wanda ya fi shi sauƙin samu da na'ura. Amma kafin ta iso, a dakatar da shara, a hana yara wasa a wurin, kada kuma a bari a kwashe yashin. Sharar da kuka riga kuka yi, in tana nan a buhu ko a juji, a ware ta gefe, don ita ma za a bi ta. Gwal yana da nauyi ƙwarai. Tsantsarsa ta ninka ruwa nauyi sau 19, shi ya sa da zarar ya faɗi cikin busasshen yashi yake nutsewa, duk ƙafar da ta taka wurin kuma ƙara danna shi take yi. Duk da haka, a kwana tara da wuya ya wuce santimita 10.

Sai ki zauna ki taƙaita wurin. Ki tattaro hotuna da bidiyon bikin daga wayoyin 'yan'uwa, ki nemo hoto na ƙarshe da zoben ke hannunki, da na farko da babu shi. Waya tana ajiye lokacin da aka ɗauki kowane hoto. Tsakanin lokutan nan biyu, ina da ina kika tsaya? Zobe ya fi fita a inda aka wanke hannu da sabulu ko ruwan sanyi, da inda aka yi liƙi, da inda aka sauke kula ko tukunya aka yarfe hannu. Wanda ya fita a yarfin hannu yakan yi tsallen mita uku ko fiye, wani lokaci ma ta bayan mai shi, don haka ki ƙara wa wurin da kike zato faɗi ta kowace fuska.

Abin da ya kamata maƙwabcin naku ya riƙe a ransa shi ne na'urar ba ta san gwal ba. A cikin faifan da ke ƙarshen sandar akwai naɗin waya biyu. Ɗaya yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya ci karo da ƙarfe, sai wata 'yar wutar lantarki ta riƙa kewayawa a jikin ƙarfen, ɗaya naɗin kuma ya ji amsar. Abin da na'urar ke aunawa shi ne yadda abin yake ɗaukar wuta da kuma girmansa, sai ta ba shi sauti da lamba a allo. Baƙin ƙarfe, irin su ƙusa da waya, yana can ƙasan ma'auni. Azurfa da tagulla suna sama. Gwal na ado kuwa, da yake gauraye yake da wasu ƙarafa kuma ba shi da girma, yana faɗawa tsakiya ko ƙasa-ƙasa, daidai inda takardar cingam mai ƙyalli take, da ta dunƙulen magi, da kunnen gwangwanin lemo, da fatar ƙwayar magani. Wato duk tarkacen da gidan biki ke bari. Wanda ya yi ta ƙara tacewa, wato saitin da ke hana na'ura kuka a kan wasu ƙarafa, har na'ura ta daina kuka a kan kunnen gwangwani, ya toshe mata kunne ga zobenki shi ma. A nan sabon hannu ya fi faɗuwa: kuka ya dame shi, ya tace, ya wuce ta kan zoben shiru, ya dawo ya ce babu.

A samo wani zoben gwal mai kama da wanda ya ɓata a kauri da karat, a ɗaura masa zare mai launi, a ajiye shi a kan yashin da aka tabbatar babu ƙarfe, a bi ta kansa da faifai. A riƙe sautin da lambar. A binne shi santimita 5 a sake gwadawa, sannan a tsayar da shi a gefensa a sake, domin zoben da ke tsaye ya fi wanda ke kwance raunin sauti. Tacewa a bar ta a kan baƙin ƙarfe kaɗai. Ƙarfin ji kuma a rage shi zuwa rabi ko ƙasa da haka, muddin zoben gwajin yana jiyuwa sarai. Ba ruwanku da tsohuwar ƙusar da magina suka bari santimita 25 a ƙasa. Abin da ya faɗi makon jiya a sama yake.

A fitar da ƙarafan rumfa, kujerun ƙarfe, baro da bokitai. Mai riƙe na'ura ya cire agogo, mukullai da waya, ya sa takalmin roba. In akwai mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar sifika ne, a ɗaura masa igiya a ja shi a kan yashin tukuna. Zai kwashe ƙusoshi da marafan kwalba, ba zai taɓa gwal ba. Amfanin wannan ba kaɗan ba ne, don ƙusa ɗaya da ke kwance kusa da zobe tana iya danne sautinsa gaba ɗaya.

Sannan a kafa turakun itace, a ja igiya, a raba wurin layi-layi, faɗin kowane layi mita ɗaya. Faifai ya kasance santimita 1 zuwa 2 a saman yashi, a kwance daram daga wannan gefe zuwa wancan, kada ya ɗaga a ƙarshen lilo. Kowane lilo ya ɗauki kamar daƙiƙa biyu, na gaba kuma ya hau rabin sawun na baya. Da faifai mai faɗin santimita 25, layin mita 10 zai ci lilo kusan 80, wajen minti uku ke nan. Fili mai mita 10 a kowace fuska rabin awa ne in ba a tsaya tono ba. A gidan da aka yi biki, ku ware awa biyu zuwa uku. Wanda ya gama a minti goma yawo ya yi.

In ta yi kuka, a bi ta kan wurin daga gabas zuwa yamma, sannan daga kudu zuwa arewa. Inda layukan biyu suka haɗu, nan abin yake. A ɗaga faifai santimita 10 zuwa 15: in har yanzu sautin yana da ƙarfi, abin yana sama ko kuma babba ne, kuma irin wannan za a fara tonowa. A ɗebi yashin da kwanon roba, a wuce da kwanon ta saman faifai, da hannun da babu zobe ko awarwaro. Kwanon da ya yi kuka a zazzage shi a kan buhu. Duk tarkacen da ya fito a jefa shi cikin leda, kada a mayar ƙasa, sannan a sake bin ramin, don sau da yawa abu biyu ne a wuri ɗaya. In an gama ba a samu ba, a juya igiyoyin a sake bi ta ɗaya fuskar.

Gindin katanga da bakin get su ne inda na'ura ba ta da ta cewa, saboda rodin da ke cikin ginshiƙi. Kamar rabin mita daga bango, a kwashe yashin a tankaɗe shi da rariyar magina mai ido milimita 6 zuwa 10. Haka za a yi wa sharar da aka ware.

Tambaya: Ɗan kunnena ɗaya da siririyar sarƙata sun faɗi a cikin ciyawa a filin da muka yi walimar kammala karatu. Mun ɗauko mai na'ura, ya yi ta bi bai samu komai ba, daga ƙarshe ya ce wai ƙila gwal ɗin jabu ne. Daga cikin kayan lefena suke. Maganar ta tsaya mini a rai.
Daga wata amarya, Samaru, Zariya

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, kada wannan magana ta shiga tsakaninki da dangin miji. Rashin kukan na'ura ba ya nuna jabu. Hasali ma ɗan kunnen jabu da aka yi da tagulla aka shafa masa ruwan gwal yakan fi na gaske kuka. In kina son ki tabbatar, ɗayan ɗan kunnen yana hannunki: ki duba hatimin da ke jikinsa, 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. Hatimi ma ana iya buga na ƙarya, don haka ki kai wa maƙerin gwal ya goga shi a dutsen gwaji ya ɗiga ruwan gwaji.

Dalilin da na'ura ta yi shiru daban ne. Wutar da muka ce tana kewayawa a jikin ƙarfe tana son rufaffiyar hanya mai faɗi, abin da zobe ke ba ta ke nan. Sarƙa kuwa na'ura ba ta jin ta a matsayin abu ɗaya. Kowane ɗan ƙulli nata daban take ji, kuma kowane ɗaya bai fi ƙwayar gero ba. Shi ya sa za a iya dunƙule siririyar sarƙa mai giram 5 a goga ta a jikin faifai, na'ura ta yi tsit, alhali zobe mai giram 2 tana jin sa daga tazarar tafin hannu. Abin da kan yi kuka a sarƙa shi ne maƙullinta ko abin da aka rataya mata. Ɗan kunne mai da'ira shi ma in ya faɗi a buɗe, hanyar wutar ta yanke, sautinsa ya ragu sosai. Mai ɗan tsinke da ake turawa a huda shi ne mafi wuya duka.

Irin na'urar ma yana da tasiri. Yawan bugun da take yi a daƙiƙa, wanda ake aunawa da kilohaz, shi ke nuna ƙanƙantar abin da za ta ji. Garrett ACE 250 tana aiki a kilohaz 6.5, ta ishi zobe da awarwaro amma ba ta ishi siririyar sarƙa ba. Simplex+ ta kamfanin Nokta na Turkiyya tana kan 12. Equinox 800 ta Minelab tana kaiwa 40, Gold Monster 1000 tana kan 45, Gold Bug 2 ta Fisher kuma 71. Waɗannan ukun na ƙarshe su ne na aikinki, musamman in an sa ƙaramin faifai mai faɗin santimita 13 zuwa 15.

Kafin ki sake biyan kowa, ki sa ɗan kunnen da ya rage a cikin 'yar leda, ki ɗaure ta da zare don kada shi ma ya bi ɗan'uwansa, ki ajiye a ciyawa ki ce ya gwada. In na'urarsa ba ta ji shi daga santimita 3 zuwa 5 ba, ku rabu lafiya. A wannan aikin, saɓanin na zobe, ƙarfin ji sama ake kai shi, tacewa a kashe ta ɗungurum, faifai ya riƙa shafar ciyawar, tafiya kuma ta ragu da rabi.

Kada ki raina ido. Sarƙa ba ta nutsewa a ciyawa, takan sarƙe a tsakanin ganye. Da daddare a kwantar da tocila mai ƙarfi dab da ƙasa, a haska ta gefe, a durƙusa a bi taku-taku. Ƙyallin yakan fito da dare fiye da rana tsaka. Kuma ki roƙi masu kula da filin kada su yanke ciyawar ko su sako dabbobi sai kin gama.

Tambaya: Na ga manhaja a waya da ake cewa tana gano gwal. Na kuma ga tallar wata na'ura mai eriya biyu da ke juyawa, wai tana nuna gwal daga nisan kilomita. Wacce zan saya?
Daga wani matashi, Gusau

Amsa: Malam, kuɗinka su zauna a aljihu. Abin da ke cikin waya shi ne ɗan ma'aunin da ke nuna maka alƙibla, kuma baƙin ƙarfe da maganaɗisu kaɗai yake ji. Gwada da kanka: kusanta ƙusa, lamba za ta motsa, kusanta zoben azurfa ko na gwal, ba za ta ko gezau ba.

Mai eriyar kuwa hannun mai riƙe da ita ne ke juya ta ba tare da ya sani ba. A 2013 wata kotu a Ingila ta ɗaure wani ɗan kasuwa, James McCormick, shekara 10 saboda sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe irin wannan abu mai suna ADE 651 da sunan na'urar gano bam, alhali daga wani abin neman ƙwallon golf aka kwaikwayo shi. Na'urar gaske, a kan abu mai girman zobe, zurfinta bai cika wuce faɗin faifanta ba, wato santimita 20 zuwa 30 a ƙasa mai kyau. Duk mai sayarwar da ya ambaci mita goma, balle kilomita, ka ce ya juya baya ka binne zobe a ɗaya daga cikin ramuka goma, ya nuna maka wanne ne, sau biyar a jere.

Tambaya: Na'urar hannu da ake caje mutane da ita a ƙofar masallacin Juma'a za ta iya wannan aiki? Zoben azurfana ne ya faɗi a wurin alwala.
Daga wani dattijo, Azare

Amsa: Baba, za ta taimaka in wurin ƙarami ne. An yi ta ne don wuƙa da bindiga, ƙaramin abin ado kuwa sai ta zo kusa da shi kamar santimita 2 zuwa 3, zobe mai kauri ya ɗan fi haka. Kuma ba ta bambancewa, komai ta ji kuka ɗaya take yi. A sa mata sabon batir mai bolt 9, a sa yaro mai natsuwa ya durƙusa ya riƙa shafa ta a ƙasa da faɗinta. In daɓen siminti ne mai rodi, ba za ta yi ba. A buɗe magudanar, a tare bakinta da raga, a kwashe laka a wanke a rariya. Azurfa takan yi baƙi a cikin kwata, don haka a lalubi duk abin da ya rage a rariyar da hannu, kada a dogara da ƙyalli.

Tambaya: Na sayi na'urar da wani ya taɓa amfani da ita, amma ko'ina na kai ta kuka take yi babu tsayawa, lambobi suna ta tsalle. Ta lalace ne?
Daga wani makanike, Kaduna

Amsa: Da wuya. Yi wannan gwaji: kunna ta, ka ɗaga faifai sama daidai ƙugu, ka tsaya cak. In kukan ya ci gaba, daga iska yake zuwa: wayoyin wuta, taransifoma, janareta, inbata, wayar da ke aljihunka, ko wata na'urar a kusa. Ka matsa nesa, ka danna maɓallin sauya tasha in tana da shi, ka rage ƙarfin ji mataki-mataki har ta natsu. A unguwa mai cunkoso, lokacin da aka ɗauke wuta kafin a tayar da janareta shi ne lokacin aiki.

In ta yi shiru a sama amma ta ɓarke da ka sauke faifai, ƙasar ce. Jar ƙasa da marmara suna ɗauke da sinadarin ƙarfe, na'ura kuma tana jin su a matsayin abu guda mai faɗi. Maganinsa daidaita na'ura da ƙasa: ka sami wurin da babu ƙarfe, ka danne maɓallin daidaitawa, ka riƙa ɗaga faifai kana saukewa tsakanin santimita 2 da 15 har sautin ya lafa, sannan ka saki. Ka maimaita duk lokacin da launin ƙasa ya sauya. Ƙananan na'urori da yawa ba su da wannan maɓalli, an saita su tun daga masana'anta, su kam rage ƙarfin ji ne kawai mafita. Wani dutsen da wani gawayin ma suna kuka. Alamar dutse ita ce sautin ya bazu, ba shi da tsakiya, kuma in ka shure shi gefe sautin ya bi shi.

In kuma sai ka taɓa ciyawa ko ka karkata sandar take kuka, duba wayar faifai. Ta naɗu a jikin sanda ba sako-sako, soket ɗinta ya ɗauru tam. Cire murfin robar da ke ƙasan faifai ka wanke, don jar ƙasa tana taruwa a ciki. Batir mai arha kuma yakan sauke ƙarfi tun allo bai nuna ba. Sa alkalin, duka sababbi, kada ka gauraya da tsofaffi.

Tambaya: Ina da na'urar GPX 4500 tun zamanin haƙar zinare a Jado, tana ajiye. Ina tunanin in riƙa nemo wa mutane kayan adonsu da suka ɓata ana biyana. Ta dace? Kuma in na tsinci abin da ba shi aka sa ni nema ba fa?
Daga wani mai karatu, Agadas, Nijar

Amsa: Malam, tunanin yana da kyau, na'urar ce ba ta dace ba. Irin su GPX da suka cika Agadas bayan an gano zinare a Jado a 2014 an yi su ne don su ratsa ƙasa mai ma'adini su jiyo ɗanyen zinare a zurfi, a dajin da babu tarkace. Bugu suke aikawa su saurari amsa, kuma ba su iya bambance ƙarafa sosai. A tsakar gida za ta jiyo maka kowace ƙusa da ke rabin mita a ƙasa, ga wayoyin wutar gari da ke rikita ta. A buɗaɗɗen rairayi, inda aka yi zango ko wasan raƙuma, nan za ta yi aiki, in ka rage mata ƙarfi ka sa ƙaramin faifai. Don cikin gari, ka nemi mai nuna lamba a allo, irin Vanquish ko Equinox ko Simplex, ka haɗa da 'yar ƙaramar na'urar hannu mai kama da tocila da ake cusawa a rami don nuna daidai inda abu yake. In za ka yi musaya, ka lura, jabun na'urori masu sunan manyan kamfanoni sun yi yawa a kasuwannin zinare. Gwaji da zobe a ƙasa ya fi kwali da takarda.

Ka tsara sana'ar tun farko don ka tsira da mutuncinka. Kafin ka kunna na'ura, mai kaya ya siffanta abinsa a gaban shaida: nauyi, karat, hatimi, hoto ko rasit in akwai. Ku yanke kuɗin zuwa, wanda za a biya ko an samu ko ba a samu ba, tukwici kuma daban. Wani daga gidan ya tsaya tare da kai har ka gama, duk abin da ka tono ka zuba a faranti ɗaya a gabansa. Wanda ya nemi gwal bai samu ba, shi ake fara zargi.

Abin da ka tsinta a gidan mutum ka miƙa wa masu gidan. Na fili ko hanya kuwa tsintuwa ce, hukuncinta sananne ne a hadisin Zaidu bin Khalid al-Juhani da Bukhari da Muslim suka ruwaito: a kiyaye siffar abin, a yi cigiyarsa shekara guda. A cigiya kada ka faɗi siffar duka. Ka ce an tsinci zobe a wuri kaza, mai shi ya zo ya faɗi sauran. Kada ka shiga fili sai da izinin mai shi ko mai unguwa, ka nisanci maƙabarta da kufai. Tsohon garin Agadas yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2013, ba wurin tono ba ne. A daji kuma, inda aka taɓa yaƙi, duk abin da ya fito mai kama da harsashi ko gwangwanin da ba ka gane ba, ka bar shi yadda yake, ka sa alama, ka sanar da hukuma.

Tambaya: A cikin ɗaki awarwarona ya ɓata, ɗakin kuma tayil ne. In kawo mai na'ura?
Daga wata mai karatu, Maraɗi

Amsa: Hajiya, kada ki ɓata kuɗinki. Rodin daɓe, wayar wuta a bango, ƙusoshin gado da sifirin ɗin kujera duk za su yi kuka lokaci ɗaya. Matsalar tsohuwa ce: a 1881 Alexander Graham Bell ya gwada irin wannan na'ura don gano harsashi a jikin shugaban Amurka James Garfield, wayoyin ƙarfen gadon da yake kwance a kai suna cikin abin da ya rikita aikin. Abin da na'ura za ta iya shi ne kayan da aka fitar waje. A shimfiɗa tabarma a wurin da aka gwada babu ƙarfe, a bi zannuwa, mayafai, kayan wanki, filo da kwandon shara ɗaya bayan ɗaya. A ciki kuwa hannu ne da tocila: tsagin kujera, bayan durowa in an zaro ta gaba ɗaya, cikin hannun riga, naɗin darduma. Ƙaramin abu in ya faɗa wurin wanke hannu, a daina sakin ruwa, a ajiye bokiti a ƙasa, a kwance lanƙwasasshen bututun da ke ƙarƙashi. Abu mai nauyi a nan yake kwanciya.

Tambaya: Zoben matata ya faɗa rijiya tana jan ruwa. Za a iya zura na'ura?
Daga wani magidanci, Haɗeja

Amsa: Ruwa ba ya lalata yawancin faifai, amma akwatin da ke da allon a na'urori irin ACE 250 in ya jiƙe ya tafi. Ko da mai shiga ruwa ce, gindin rijiya cike yake da tsofaffin gwangwanaye da ƙugiyoyi, wata ma da rodi a bango. Hanyar da ta fi ita ce yasa. A kira masu yasar rijiya, a janye ruwan, su kwaso lakar sama kamar santimita 20 zuwa 30 a guga, a zuba a kan leda nesa da bakin rijiya, a baza ta kauri bai wuce yatsu huɗu ba, a bi da na'ura ko a wanke a rariya. Gwal ba ya tsatsa, zai jira har rani in ruwa ya ja baya.

Kai da kanka kada ka shiga, Malam. Iskar gindin rijiya tana kashe mutum ba tare da wari ba. A zura fitila mai wuta tukuna, in ta mutu babu mai sauka, in ba ta mutu ba ma mai sauka ya ɗaura igiya a ƙirji, mutum biyu suna riƙe a sama. Injin jan ruwa mai fetur a waje yake zama, nesa da baki, don hayaƙinsa kisa yake yi a cikin rami.

Tambaya: Muna zargin kaza ce ta haɗiye ɗan kunnen jaririyata. Na'ura za ta nuna?
Daga wata uwa, Birnin Kudu

Amsa: Ki fara tabbatarwa ba yaro ne ya haɗiye ba. In akwai wannan shakka, asibiti za a nufa a ɗauki hoto, ba wurin mai na'ura ba. Kaza kuwa tana tsattsagar abu mai ƙyalli, kuma yakan zauna a ƙundu tare da tsakuwar da take niƙa abinci da ita. A riƙe ta nesa da duk wani ƙarfe, a shafa na'urar hannu a ƙirjinta da ƙasan cikinta, sannan a gwada wata kazar don a kwatanta. Ɗan kunnen jarirai ƙarami ne ƙwarai, don haka shiru ba ya wanke ta. A killace ta a keji mai leda a ƙasa, a riƙa wanke kashin a matankaɗi kwana biyu zuwa uku. In na'ura ta yi kuka a jikinta ita kaɗai, kada a ja lokaci, don tsakuwar ƙundu tana cin gwal mai laushi. A yanka ta, a tsaga ƙundun a cikin kwano, a wanke abin da ke ciki a kan matankaɗi mai ƙananan ido.